Ƙofar Tuba da Ƙofar Gari: Haƙƙin Wanda Ya Gama Zaman Gidan Yari a Kan Ma'abota Ɗariƙa

Da sunan Allah Mai rahama Mai jin ƙai. Godiya ta tabbata ga Allah Maɗaukakin Sarki, Mai karɓar tuba, Mai suturta bayinSa, wanda Ya bar ƙofar komawa gare Shi a buɗe dare da rana. Tsira da aminci su tabbata ga fiyayyen halitta, Annabin rahama, Annabi Muhammadu (SAW), da alayensa da sahabbansa, da waɗanda suka bi tafarkinsu da kyautatawa har zuwa ranar sakamako.

 

Bayan haka, maudu'in wannan jawabi shi ne wani ɗan'uwa wanda ba a cika ambatonsa a irin wannan majalisi ba, ko da yake da wuya a sami unguwa ko dangi da babu irinsa. Shi ne mutumin da ya aikata laifi, aka gurfanar da shi gaban alƙali, aka yanke masa hukunci, ya yi zamansa a gidan yari har wa'adinsa ya cika, gandiroba ya buɗe masa ƙofa ya fito. Hukuma ta gama da shi, saura wanda zai karɓe shi. Manufar jawabin ita ce bayyana cewa ma'abota ɗariƙa su ne mafi cancantar mutane da wannan aiki, domin tafarkinsu a kan tuba aka gina shi, kuma tubabbe ba ya tsayuwa da ƙafarsa sai ya sami jama'ar da zai jingina da ita.

Halin da ake ciki

A watan Agusta na 2019 aka sanya hannu a kan dokar da ta mayar da hukumar gidajen yari ta Najeriya Hukumar Gyaran Hali. Dokar ta raba aikin hukumar gida biyu: tsare waɗanda aka ɗaure, da kula da waɗanda aka yanke wa hukuncin da ba na ɗauri ba, kamar yi wa al'umma hidima, da sakin talala, da sulhu tsakanin mai laifi da wanda aka yi wa laifin. Ta ɗora wa hukumar nauyin ilimantar da fursunoni da koya musu sana'a. Ta kuma tanadi a ba wanda ya nuna halin kirki takardar shaidar kyakkyawan hali a lokacin sallamarsa, tare da hana a nuna wa mai wannan takarda bambanci saboda zaman da ya yi. A wasu gidajen ana koyar da ɗinki da kafinta da walda da noma, kuma Buɗaɗɗiyar Jami'a ta Ƙasa tana da cibiyoyi a wasunsu inda fursunoni ke karatun digiri kyauta. Tun a watan Disamba na 2015 ma Majalisar Ɗinkin Duniya ta amince da ƙa'idojin kula da fursunoni waɗanda aka sa wa sunan Nelson Mandela, kuma a cikinsu an jaddada cewa nauyin da ke kan al'umma ba ya sauka ranar da aka saki fursuna.

Akwai alƙaluma biyu da ya kamata kowane ɗan'uwa ya riƙe. A 2024 yawan mutanen da ke tsare a gidajen gyaran hali na ƙasar ya haura 75,000, kuma kusan kashi biyu cikin uku na wannan adadi jiran shari'a suke yi, ba a yanke musu hukunci ba. Ma'ana, da yawa daga cikin masu fitowa bayan shekaru babu alƙalin da ya tabbatar musu da laifi, amma idan sun dawo unguwa ba a bambanta su da wanda aka kama dumu-dumu. Na biyu, a watan Nuwamba na 2023 Ma'aikatar Harkokin Cikin Gida ta ƙaddamar da sakin fursunoni 4,068 waɗanda rashin iya biyan tara ko diyya ya zaunar da su, da kuɗi Naira miliyan 585 da aka tara daga masu hali da kamfanoni. Idan aka raba wannan kuɗi, bai kai Naira 150,000 a kan kowane mutum ba. Abin da wani zai kashe a walima ta yini ɗaya shi ya raba wani magidanci da iyalinsa.

Wannan duk aikin hukuma ne, kuma iyakarsa bakin ƙofar gidan yari. Doka tana iya ba mutum takarda, amma ba ta da ikon sa maƙwabci ya amsa masa sallama da sakin fuska.

Ranar fitowa

Ko daga Goron Dutse a Kano mutum ya fito, ko daga Kuje a Abuja, abin da yake tararwa kusan iri ɗaya ne. Yakan fito da tufafin da ya shiga da su, wani lokaci ba shi da ko kuɗin motar da za ta kai shi gida. Idan haya yake yi, an daɗe da ba wani ɗakin. Idan yana da rumfa a kasuwa, jarin ya tafi a zirga-zirgar shari'a. Mai yiwuwa matarsa ta kai ƙara an raba auren saboda rashin ciyarwa, 'ya'yansa kuma sun watsu a hannun dangi. Idan ya shiga masallaci sai ya ga ana kallon takalma. Idan ya nemi aiki a tambaye shi inda ya shige shekarun nan, in ya faɗi gaskiya a sallame shi, in ya yi ƙarya ya zauna cikin fargaba. An daina kiransa da sunan da mahaifinsa ya raɗa masa, ya koma "tsohon fursuna", har 'ya'yansa ma da wannan ake yi musu gori a makaranta.

Wuri ɗaya ne ake yi masa maraba hannu bibbiyu, wato majalisar da ta kai shi gidan yari tun farko. A can ba a tambayarsa takarda, ba a yi masa kallon hadarin kaji, akwai shayi, akwai abin hayaƙi, akwai kuma "aiki". Hausawa sun ce zama da maɗaukin kanwa shi ke kawo farin kai. Idan mutanen kirki suka rufe ƙofofinsu, su da kansu suka zaɓa masa abokan zama, sa'an nan idan ya koma ruwa su ce dama sun faɗa.

Matsayinsa a shari'a

Shari'a ba ta san hukunci biyu a kan laifi ɗaya ba. Ya tabbata a hadisin Ubadatu ɗan Samit (RA), wanda Bukhari da Muslim suka fitar, cewa wanda aka tsayar wa hukuncin laifinsa a duniya, wannan hukuncin kaffara ne a gare shi. Wanda Allah Ya kankare wa laifi kuwa, babu wani bawa da ke da ikon sake rubuta masa shi a goshi.

A shekarar da aka buɗe Makka wata mata daga ƙabilar Banu Makhzum, mai dangi da daraja a cikin Ƙuraishawa, ta yi sata. Danginta suka tura Usamatu ɗan Zaidu (RA) ya nema mata sassauci, Manzon Allah (SAW) ya ƙi karɓar wannan ceto, aka zartar mata da hukunci. Mutane da yawa a nan suke tsayawa da ƙissar, alhali tana da ƙarashe. Nana A'isha (RA) ta ba da labarin cewa tubar matar ta yi kyau, ta yi aure daga baya, kuma takan zo wurinta da buƙatunta, ita kuma ta isar da su ga Manzon Allah (SAW). Gidan da aka ƙi karɓar ceto kafin hukunci shi ne gidan da ya zama a buɗe gare ta bayan hukunci. Ta sami miji, ta sami mai sauraronta, kuma uwar muminai ce da kanta ta yi mata shaidar kirki.

Malaman Malikiyya sun gina hukunci a kan wannan asali. Duk wanda ya karanta Risala ta Ibn Abi Zaid Alƙairawani a zaure ya wuce ta kan mas'alar shaidar wanda aka yi wa haddi: idan tubarsa ta bayyana, alƙali yana karɓar shaidarsa, in ban da a irin laifin da aka hukunta shi a kai. Wannan hukunci ya tattara ma'aunin da ake buƙata gaba ɗaya. An mayar wa mutum mutuncinsa har maganarsa tana iya yanke shari'a tsakanin Musulmi biyu, amma an yi hattara a daidai gurbin da ƙafarsa ta taɓa zamewa.

Shin hali zanen dutse ne?

Hujjar da aka fi kafawa wajen guje wa tsohon mai laifi ita ce karin maganar nan ta hali zanen dutse. Da haka ne kai tsaye, da babu amfanin shehu, babu amfanin wuridi, babu amfanin tarbiyya. Imam Gazali, a babin horar da rai na littafinsa Ihya, ya yi raddi ga masu cewa ɗabi'a ba ta sauyuwa. Ya nuna cewa da gaskiyarsu, da wa'azi da wasiyya da ladabtarwa duk sun zama aikin banza, ya kuma kafa hujja da yadda ake horar da shaho da doki da karen farauta har su bar ɗabi'arsu ta asali. Idan dabba tana karɓar horo, ɗan Adam mai hankali da ruhi ya fi cancanta.

Tarihin mutanen Allah shaida ne. Fudailu ɗan Iyad (RA) ɗan fashi ne da ya addabi hanyar da ke tsakanin Abiward da Sarakhs a ƙasar Khurasan. Wani dare yana haura katanga ya ji mai karatu ya iso aya ta 16 a Suratul Hadid, ayar ta ratsa zuciyarsa, ya sauko ya tuba. A wannan daren ya fake a wani kango, ya ji wasu matafiya suna shawarar su jira gari ya waye domin tsoron kada Fudailu ya tare su. Ya ji da kunnensa abin da sunansa ya zama a bakin bayin Allah. Daga nan ya nufi Kufa neman hadisi, sa'an nan ya zauna a Makka har ya rasu a shekara ta 187 bayan Hijira. Abdullahi ɗan Mubarak da Imam Shafi'i suna cikin waɗanda suka ɗauki ilimi a wurinsa, Halifa Haruna Rashid ya je ƙofarsa neman wa'azi, Bukhari da Muslim kuma sun fitar da hadisansa. Babu masu tsananin binciken halin mutum kamar malaman hadisi, amma sun yanke cewa tsohon ɗan fashin nan amintacce ne a kan maganar Manzon Allah (SAW). Da malaman Kufa sun kore shi daga majalisinsu saboda tarihinsa, da al'umma ta yi asarar da ba ta san ta yi ba. Imam Ƙushairi ya ambace shi a sahun farko na shehunnan tafarki a cikin Risalarsa, kuma da ya zo lissafa muƙaman masu suluki, da tuba ya fara.

Haka nan littattafan manaƙibai sun kawo ƙissar Sidi Abdulƙadir Jilani, Allah Ya tsarkake sirrinsa, lokacin da ya baro garinsu yana saurayi zuwa Bagadaza neman ilimi, da dinari 40 da mahaifiyarsa ta ɗinke masa a riga bayan ta ɗauki alkawarin gaskiya daga gare shi. 'Yan fashi suka tare ayarin bayan an wuce Hamadan, suka tambaye shi abin da yake ɗauke da shi, ya faɗa musu. Wannan gaskiya ta karya zuciyar shugabansu, ya tuba shi da jama'arsa, suka mayar wa 'yan ayari kayansu. Farkon waɗanda suka tuba a hannun Shehu ke nan, kuma 'yan fashi ne. Muridin da ke jin daɗin wannan ƙissa a bakin sha'iri, sa'an nan ya ja rigarsa idan tsohon ɓarawo ya zauna kusa da shi a halƙa, bai fahimci abin da ya ji ba.

Tuba tana buƙatar gari

A cikin hadisin Abu Sa'idil Khudri (RA) da Bukhari da Muslim suka ruwaito akwai labarin wani mutum daga al'ummun farko da ya kashe rai 99, sa'an nan ya nemi sanin ko yana da tuba. Aka nuna masa wani mai yawan ibada, wanda ya yanke masa ƙauna, shi kuwa ya cika 100 da shi. Daga baya aka nuna masa wani malami, wanda ya tabbatar masa cewa babu mai shiga tsakaninsa da tuba. Malamin bai tsaya ga fatawa ba, ya kwatanta masa wani gari na mutanen kirki, ya umarce shi da ya koma can ya yi ibada tare da su, kada ya dawo garinsu domin mugun wuri ne. Ajali ya riske shi a hanya, kuma rahamar Allah ta same shi saboda an iske ya fi kusa da garin da ya nufa.

Akwai darussa biyu a nan. Yanke wa mai laifi ƙauna ba ya rage laifi a bayan ƙasa, ƙara shi yake yi, kuma wanda ya rufe ƙofar shi ya fara ɗanɗana sakamakon. Sa'an nan malamin ya san cewa nadama ita kaɗai ba ta riƙe mutum idan ya koma kwana da tashi cikin mutanen da suka saba da shi a kan ɓarna. Wannan shi ne abin da masu tarbiyya suke kira suhba, wato zama da mutanen kirki har halinsu ya yi naso a jikin mutum.

Wanda ya fito daga gidan yari a yau ba shi da halin yin hijira zuwa wani gari. Garin mutanen kirki da ya fi kusa da shi ita ce zawiyar unguwarsu, wadda take da duk abin da tubabbe ke buƙata: jagora da ake jin maganarsa, lokutan haɗuwa tsayayyu safe da yamma, 'yan'uwa masu cigiyar wanda ba su gani ba, da 'yan kasuwa da masu sana'a da malamai da ma'aikata a ƙarƙashin rufi ɗaya.

Abin da zawiya za ta iya yi

Na farko, a fara tun kafin fitowa. Kowace zawiya ta ware mutum uku ko huɗu masu haƙuri da riƙe sirri, su nemi izinin hukumar gidan gyaran halin da ke kusa, su riƙa kai ziyara da karatu, su san ranar da wa'adin kowa zai cika, su kuma fara lallashin danginsa tun da sauran lokaci. Lauyoyin da ke cikin 'yan'uwa su ba da zakkar iliminsu ga masu jiran shari'a, ko su sada su da hukumar gwamnati mai ba marasa hali lauya kyauta, wadda aka kafa tun 1976.

Na biyu, tarba. Ranar sallama 'yan'uwa biyu su tsaya a bakin ƙofa da sutura da abinci da kuɗin mota, kuma a riga an san inda zai kwana. Makonnin farko su ne mafi haɗari. A kai shi asibiti a duba lafiyarsa, domin cunkoso yana yaɗa tarin fuka da cututtukan fata. Idan yana fama da shaye-shaye, a haɗa masa addu'a da likita, domin jikin da ya saba da ƙwaya yana da ciwon da nasiha kaɗai ba ta warkar da shi.

Na uku, takardu. A yau wanda ba shi da lambar shaidar ɗan ƙasa ba ya mallakar layin waya cikin sauƙi, ba ya buɗe asusun banki. Wani matashi daga cikin muridai ya raka shi har ya kammala waɗannan, a kuma taimaka masa ya karɓo takardar kyakkyawan hali da shaidar sana'a ko karatun da ya yi a ciki.

Na huɗu, sana'a da lamuni. Kasuwanni irin su Kantin Kwari da Dawanau da Ƙofar Ruwa a kan amana suke tafiya, kuma ba a ɗaukar yaron shago ko ba da babur mai ƙafa uku sai da wanda zai tsaya wa mutum. Wannan shi ne ainihin abin da tsohon fursuna ya rasa. Zawiya ta zama mai tsaya masa, ta ware wani asusu da za a biya asara daga ciki idan ta auku, domin kada nauyin ya faɗa wa ubangida shi kaɗai. Ya fi kyau a ba shi kayan aiki, kamar keken ɗinki ko injin walda, a matsayin rance marar ruwa da zai riƙa biya kaɗan-kaɗan, maimakon kuɗi a hannu. Sa'an nan a zama farkon masu ciniki da shi: shi zai ɗinka kayan 'yan agaji, shi zai yi bencin makarantar Islamiyya. Game da zakka, mai bashi yana cikin mutum takwas da Alƙur'ani ya ambata a Suratut Tauba, kuma a Mukhtasar na Shehu Khalil an bayyana cewa ko wanda ya ciwo bashinsa ta hanyar ɓarna ana iya ba shi idan ya tuba. Malaman zawiya su duba halin kowa, abin da zakka ba ta shiga ba sadaka ta ɗauka.

Na biyar, sahu da suna. Ya zauna a halƙar zikiri inda ya sami wuri, a kira shi da sunansa, a ba shi hidima kamar kowane muridi, ko shimfiɗa tabarma ko tanadin ruwan alwala, domin wanda ake buƙatarsa ba ya saurin tafiya. Kada a tsayar da shi gaban lasifika ya ba da labarin laifinsa domin a yaba wa zawiya. Muƙaddami ya tsawatar wa duk mai yi masa laƙabi ko gori, ko yi wa 'ya'yansa.

Na shida, mata. Macen da ta fito daga gidan yari ta fi namiji shan wuya, domin sau da yawa gidan miji ya rufe, gidan iyaye kuma ana jin kunyarta, wata ma da goyo take fitowa. Wannan aikin muƙaddamai mata ne da iyaye mata na ɗariƙa, su bi sawun Nana A'isha (RA) wajen zama ƙofar da irin wannan baiwar Allah za ta ƙwanƙwasa, su sama mata masauki da jari, su shiga tsakaninta da danginta.

Na bakwai, aure. Idan ya natsu, sana'arsa ta kama, a shige masa gaba wajen neman aure ko gyara wanda ya lalace. A nan dole a faɗa wa waliyyan yarinya gaskiya, a kuma faɗa musu abin da aka gani na gyaruwarsa, su yi zaɓi a kan sani. Rufin asiri shi ne hana yaɗa laifi a inda babu buƙata, bai haɗa da yaudarar mai neman shawara ba.

Haƙƙin wanda aka zalunta

Kada tausayin mai laifi ya sa a manta da wanda aka yi wa laifin. Malamai sun ce sharuɗɗan tuba su ne nadama, da barin saɓon, da ƙudurta rashin komawa, idan kuma akwai haƙƙin wani a mayar masa ko a nemi yafewarsa. Saboda haka yana cikin taimakon tubabbe a raka shi wurin wanda ya cuta, a tsara yadda zai biya abin da ya ci ko da kaɗan-kaɗan ne. Amma ba a tilasta wa wanda aka zalunta ya yafe, ba a kuma zarginsa idan ya kasa haɗa ido da wanda ya cuce shi, domin wanda maciji ya sara in ya ga tsumma sai ya gudu. Wahshi, wanda ya kashe Sayyidina Hamza (RA) a Uhudu, ya musulunta kuma Manzon Allah (SAW) ya karɓi Musuluncinsa, amma ya nemi ya riƙa kawar da fuskarsa daga gare shi. An karɓi tuba, an kuma girmama raɗaɗin zuciya.

Haka nan hattarar da Risala ta koyar tana nan. Wanda aka ɗaure a kan cin amanar kuɗi ba a fara ba shi ajiyar asusun zawiya. Wanda laifinsa ya shafi yara ba a ba shi riƙon makarantar allo, ba a kuma barinsa ya kaɗaita da su. Yin haka kariya ce ga jama'a, kariya ce kuma gare shi daga gurbin da ya fi rauni.

Idan ya sake faɗuwa

Wasu za su koma, kuma wajibi ne a san haka tun farko domin kada gwiwa ta yi sanyi. A zamanin Manzon Allah (SAW) akwai wani sahabi mai suna Abdullahi da aka sha kawowa ana yi masa bulala saboda shan giya. Wata rana wani ya la'ance shi saboda yawan kawo shi da ake yi, Manzon Allah (SAW) ya hana, ya kuma yi masa shaidar son Allah da ManzonSa. A wata ruwayar ta Bukhari ya hana a yi wa wanda aka yi wa bulala mummunar addu'a, domin yin haka taimakon Shaiɗan ne a kan ɗan'uwa. An zartar da hukunci kowane karo, amma ba a fitar da shi daga cikin jama'a ba. Hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar.

Masu tarbiyya sun fi jin tsoron ujubu a kan muridi fiye da zunubin da ya bayyana, domin mai zunubi ya san ba shi da lafiya, mai ujubu kuwa yana ganin ya warke. Laifi tudu ne, kowa ya taka nasa ya hango na wani. Sau da yawa abin da ya raba wanda ke sahun gaba da wanda ke bayan kanta shi ne suturar Allah, kuma godiyar wannan sutura ita ce a suturta wanda tasa ta yaye.

Kammalawa

Abin da ake roƙo a wannan taro kaɗan ne, kuma yana cikin ikon kowace zawiya komai ƙanƙantarta: ta ɗauki nauyin mutum ɗaya, namiji ko mace, daga yanzu zuwa taron baɗi. Ta tarbe shi, ta zaunar da shi, ta tsaya masa a wurin sana'a, ta sasanta shi da danginsa da wanda ya zalunta. Idan Allah Ya kai rai, halifofi su karɓi bayani daga muƙaddamai a kan adadin waɗanda aka riƙa da halin da suke ciki, ba tare da ambaton sunan kowa ba. Shawara ga masu hali kuma, su sanya biyan tarar talakawan da ke tsare da jarin masu fitowa cikin abin da suke warewa domin hidimar wannan taro.

Allah Ya karɓi tuban masu tuba, Ya tabbatar da dugadugansu. Allah Ya kuɓutar da waɗanda ke tsare bisa zalunci, Ya shiryi masu laifi, Ya sanyaya zukatan waɗanda aka cuta, Ya musanya musu da mafi alheri. Allah Ya ƙara wa shehunnai lafiya da nisan kwana, Ya jiƙan magabata, Ya zaunar da ƙasa lafiya, albarkar Annabin rahama (SAW).